Uwa, Kada Ki Yaga Takardar Nan



Sau da yawa uwa takan tarar da 'yarta da ƙawayenta sun ja layi a takarda, suna ta rubutu da gardama, sai ta daka musu tsawa, wai suna ɓarnar littafi. To, ina roƙonku ku dakata. Wasan nan na "suna, gari, dabba, abu" karatu ne.

Ga yadda ake yinsa. Kowa zai raba takardarsa gida huɗu. Sai a zaɓi harafi, misali Z, a shiga rubutu da sauri: Zainabu, Zariya, zomo, zobe. Wadda ta fara gamawa ta ce a tsaya. Amsar da ba wanda ya kawo irinta maki 10 ce, wadda aka yi tarayya 5.

Ba mu kaɗai ke yinsa ba. Jamusawa suna kiran nasu "gari, ƙasa, kogi". A Amurka kamfanin Milton Bradley ya sa shi a kwali a 1988 da sunan Scattergories, sai an biya kuɗi. Mu kuwa fensir da tsohuwar takarda sun ishe mu.

Abin da ke damuna shi ne 'ya'yanmu da Turanci kaɗai suke yinsa. Ran nan na ba 'yan ajina harafin Ɓ, na ce su kawo dabba. Da ƙyar aka tuna da ɓera, ɓauna kuwa ba wadda ta san ta. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Saboda haka a riƙa yinsa da Hausa, a sa Ƙ da Ɗ da Ɓ, don yarinya ta rarrabe baki da baƙi. Ke uwa, ko ba ki yi boko ba, ke ce alƙaliya. Wa ya fi ki sanin maburgi da akushi da faifai? Ki sa a ƙara gida na biyar, na kayan girki, ki ga yadda za su dawo suna tambayarki.

Ku kuma 'yan makaranta, sai an gama aikin gida tukuna, kuma ban da leƙen takardar wata. Yau bayan lisha a ajiye waya, a shimfiɗa tabarma, a gwada.

Allah ya yi wa zuriyarmu albarka, amin.