ZAUREN IYALI: Na'urar Wanke Kai da Amanar Ruwan Zafi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya saukar da ruwa Ya sanya shi abin tsarkakewa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Bayan haka, a wannan fitowa zaurenmu zai tattauna wani al'amari da ya shafi iyayenmu mata da ƴan'uwanmu mata, masu shagunan gyaran gashi da masu zuwa a yi musu. Hotunan wata na'ura mai wanke kai ba tare da hannun mutum ba suna ta yawo a wayoyi, har wasu daga cikin masu sana'ar sun fara lissafin zuba kuɗin adashinsu domin a yi musu sautunta. Neman ci gaba a sana'a abin yabo ne. Amma wanda zai sayi doki ya kamata ya san abin da dokin yake ci, kuma abincin wannan na'ura shi ne ruwan zafi da wutar lantarki.

Asalin na'urar da yadda take aiki

Mahaifar wannan na'ura ita ce ƙasar Japan. Kamfanin Takara Belmont na birnin Osaka, wanda ya yi suna wajen ƙera kujerun aski, yana sayar da irinta ga shaguna tun cikin shekarun 1990. A shekarar 2010 kamfanin Panasonic ya nuna wata a birnin Tokyo mai yatsu 16, wadda take auna siffar kan mutum kafin ta fara cuɗawa, sannan a 2011 ya fito da wadda aka inganta mai yatsu 24. Dalilin da ya sa Japanawa suka matsa a kan wannan bincike a fili yake. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen ƙasar sun haura shekara 65, masu jinya kuma sun yi ƙaranci, saboda haka ana neman abin da zai rage wa ma'aikatan asibiti da na gidajen tsofaffi nauyi. A 2025 kuma aka riƙa ba da labarin shaguna a biranen ƙasar Sin, irin su Guangzhou, waɗanda ba su da wani aiki sai wanke kai da na'ura.

Mafi yawan waɗanda ake sayarwa ba su da yatsu. Mace za ta kwanta rigingine, ta sanya kanta cikin wani kwano, a rufe da murfi mai roba a baki domin kada ruwa ya zubo mata a fuska. A cikin kwanon akwai ƙananan kafofi masu feso ruwa da ƙarfi ta kowane ɓangare. Na'urar ce take jiƙa gashin, ta gauraya ruwa da sabulu, ta ɗauraye, duk a cikin ƴan mintoci.

A nan ne ya kamata mai hankali ya dakata. Idan makitsiya ce take wanke kai, hannunta ne yake fara shiga ruwan, idan ya yi zafi ita za ta fara ji, ta sirka kafin ya taɓa kan wadda ake yi wa. Da zuwan na'ura wannan hannun ya fita daga tsakani. Kai yana cikin rufaffen kwano, mai shago ba ta gani, kuma fatar wadda ta biya kuɗi ce za ta fara shaida zafin ruwan.

Lissafin ruwa da wuta

Zafin da ya dace da fatar kai shi ne tsakanin digiri 38 zuwa 40. Masana sun tabbatar cewa ɗaga zafin lita ɗaya ta ruwa da digiri ɗaya yana cin wat-awa 1 da ɗan ɗoriya. Mu ɗauka wankin kai ɗaya ya ci jarka guda mai lita 20, kuma lokacin ɗari ne, ruwan famfo yana digiri 20. Kai wannan ruwa digiri 40 zai ci kusan rabin kilowat-awa. Idan shago ya karɓi mata 20 a yini, an zubar da lita 400, wato duro biyu, an kuma ƙona fiye da kilowat-awa 9 a ɗumama ruwa kaɗai, ban da na busar da gashi da fanka da fitila. Kowace mai shago ta ɗauko takardar kuɗin wutarta da ta ruwa ta yi wannan lissafi da farashin garinsu.

Hanyoyin ɗumama ruwan da lantarki iri biyu ne. Ta farko ita ce mai ɗumamawa nan take yayin da ruwa yake wucewa. Wannan tana da ban sha'awa domin ƙarama ce kuma ba a jira, amma idan ruwa yana gudu lita 6 a minti ɗaya ana son a ƙara masa digiri 20, to sai an sami ƙarfin wuta fiye da kilowat 8, wato kusan amfiya 38 a kan bolt 220. Mitar ƙaramin shago da siraran wayoyinsa ba za su ɗauki wannan nauyi ba. Ko dai wuta ta riƙa yankewa, ko kuma, Allah Ya kiyaye, waya ta yi zafi a cikin bango ta haifar da gobara.

Ta biyu ita ce tanki mai ajiye ruwan zafi, wanda a shafin Faransanci ake kira chauffe-eau. Mai lita 50 da ƙarfin wat 1500 yana buƙatar kimanin awa ɗaya da rabi kafin ya kai ruwa daga digiri 20 zuwa 60. Jan wutarsa da sauƙi, kuma idan an ɗauke wuta zafin yakan jima bai huce ba. Ga ƙasashe irin namu da ɗaukewar wuta ba baƙon abu ba ne, wannan ya fi dacewa.

Akwai kuma abin da mai sayen tsohuwar na'ura zai lura da shi. Wutar gidajen Japan bolt 100 ce, tamu kuwa 220. Wanda ya jona na'urar da aka ƙera domin kasuwar Japan kai tsaye ba tare da taransifoma ba, ya ƙona dukiyarsa a rana guda. Haka nan ruwan rijiyar burtsatse a wurare da yawa yana ɗauke da farar ƙasa, wadda take daskarewa idan ruwa ya yi zafi, ta toshe ƙananan kafofin, ta lulluɓe ƙarfen ɗumamawa.

Haɗari biyu masu karo da juna

Na farko ƙuna ce. Ruwa mai digiri 60 yana iya salluɓe fatar babban mutum a cikin ƴan daƙiƙoƙi, fatar yaro da ta tsoho kuwa ta fi saurin ƙonewa. Matar da aka shafa wa man miƙar da gashi ta fi kowa shiga haɗari, domin sinadarin ya riga ya tausasa fatar kanta.

Na biyu ƙwayar cuta ce da ake kira Lejiyonela, wadda aka gano bayan ɓarkewar wani ciwon huhu a birnin Filadelfiya na Amurka a 1976. Tana hayayyafa a ruwan da ya kwanta yana da ɗumi tsakanin digiri 20 zuwa 45, kuma tana shiga jiki ne ta hanyar shaƙar feshin ruwa. Na'urar wanke kai kuwa aikinta ke nan, fesa ruwa a kusa da hanci. A ƙasashenmu masu zafi, ruwan tankin da ke bisa rufi yakan yini a cikin wannan ɗumin a watannin bazara ko ba a hura masa wuta ba.

To, idan an rage zafin tanki domin gudun ƙuna an buɗe wa cuta ƙofa, idan an ƙara domin kashe cuta an kusanci ƙuna. Mafitar da masu aikin famfo suka sani ita ce a ajiye ruwa a tanki a digiri 60, sannan a sanya famfon sirki mai daidaita zafi da kansa tsakanin tankin da na'urar, ta yadda abin da zai isa kan mutum ba zai wuce digiri 40 ba. Wannan famfo kuɗinsa kaɗan ne idan aka kwatanta da kuɗin na'urar, amma shi ne ya maye gurbin hannun makitsiya.

Ruwan da rana ta ɗumama

Allah Ya hore mana rana, kuma amfani da ita wajen ɗumama ruwa ba sabon ilimi ba ne a wurinmu. Marigayi Farfesa Abdu Mumuni Diyofo, wanda aka haifa a Tasawa a 1929 ya rasu a 1991, wanda kuma jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, ya shugabanci hukumar makamashin rana ta ONERSOL, inda aka ƙera na'urorin ɗumama ruwa da rana a cikin Nijar tun kafin a haifi da yawa daga cikinmu. Shagon da ya ɗora irin wannan a rufinsa ya rage kuɗin wuta ƙwarai. Sai dai a tuna cewa da tsakar bazara ruwanta yana iya wuce digiri 60 nesa ba kusa ba, saboda haka buƙatar famfon sirki a nan ta fi tsanani.

Wasu za su ce ai sun ji a karatu cewa ruwan da rana ta ɗumama makaruhi ne. Haka ne, malaman Shafi'iyya da wasu na Malikiyya sun karhanta shi, da sharaɗin a ƙasa mai zafi ne, a cikin mazubin ƙarfe irin tagulla, kuma a yi amfani da shi tun yana da zafi, saboda tsoron cutar fata. Wasu malamai, cikinsu har da Imam Nawawi, sun rinjayar da cewa babu karhanci. Dukkansu kuwa sun haɗu a kan cewa ruwan mai tsarki ne, alwala da wanka da shi sun inganta.

Shin wankin na'ura yana isar wa wankan ibada?

Wannan tambaya ce mai muhimmanci ga mata. Littafin Ishmawi da muka karanta a zaure ya lissafa farillan wanka guda biyar: niyya, da game jiki da ruwa, da cuɗawa, da jerantawa ba tare da dogon jinkiri ba, da tsettsefe gashi. Sannan dole ruwan ya zama tsantsa, wanda launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai jirkita ba da wani abin da ba ya tare da shi a al'ada. Ruwan da na'ura ta gauraya da sabulu yana da tsarki a kansa, yana gusar da dauɗa, amma ba a ɗauke hadasi da shi. Saboda haka matar da ta wanke kanta a shago da hantsi, ta koma gida da azahar ta zuba ruwa daga wuya zuwa ƙasa tana nufin wankan haila ko na janaba domin kada gyaran gashinta ya lalace, wankanta bai cika ba. Abin da ya fi mata sauƙi shi ne ta yi wankanta cikakke a gida, sannan ta tafi gyara. Shari'a kuma ta riga ta sauƙaƙa mata, domin Risala ta bayyana cewa ba dole ne ta kwance kitsonta ba, ta dai matsa shi da hannu har ruwa ya ratsa.

Game da yawan ruwa, ya tabbata daga Anas (RA) cewa Manzon Allah (SAW) yana alwala da mudu ɗaya, yana wanka da sa'i ɗaya zuwa mudu biyar. Sa'i kuwa, a ƙiyasin mafi yawan malamai, bai wuce lita 3 ba. Ba muna cewa a wanke kai a shago da mudu ba ne, amma al'ummar da wannan ne ma'aunin Annabinta, kuma akwai unguwannin da mata suke kwana a layin famfo, ya kamata ta tambayi lita nawa na'ura take sha kafin ta tambayi launinta.

Kada a fahimci cewa muna ƙyamar na'urar. Tana da alheri ga tsohuwar da hannunta ba ya ɗaguwa, da majinyaciyar da ta daɗe a kwance, tana kuma hutar da hannun ma'aikatan da sabulu ya cinye. Sai dai an ƙera ta ne bisa gashin mutanen Asiya mai santsi, namu kuwa mai kauri ne da murɗiya, sau da yawa a kitse. A gwada a gani kafin a biya. Kuma mu tuna Nana A'isha (RA) tana wanke wa Manzon Allah (SAW) kansa tana taje masa alhali yana i'itikafi. Ƴar da take wanke wa mahaifiyarta kai da hannunta tana samun ladan da ba a saye a shago.

Shawarwari ga mai shago

1. Kafin ki yi sautu, ki kira ƙwararren mai aikin wuta ya duba ƙarfin mitarki da kaurin wayoyinki.

2. A haɗa tanki da na'ura da wayar ƙasa, a kuma sanya makatsin wuta mai jin yoyo na miliamfiya 30. Ruwa da lantarki da kan mutum sun haɗu a wuri ɗaya, nan ba wurin tsimi ba ne.

3. A daina tsoma ƙarfen ɗumama ruwa a bokiti a wurin da mutane suke kai da kawowa.

4. Ki sayi ma'aunin zafi, ki auna ruwan kowace safiya, kuma kada ki bar yarinya ko tsohuwa cikin na'ura ke kina waje.

5. Idan shago ya yi kwanaki a rufe, kamar bayan hutun salla, a bar ruwan zafi ya gudu sosai ta cikin bututu kafin a karɓi kowa, a kuma riƙa wanke kwano da robar murfi bayan kowace mace.

6. Ki tabbatar akwai mai gyara da kayan gyara a garinku, kada kuɗin adashi ya koma abin rataye tawul.

Ƴar'uwa, matar da ta kwanta ta miƙa miki kanta ta ba ki amana ne, kuma amanar tana wuyanki ko da hannu kika wanke ko da na'ura. Malamanmu sun yi bayani cewa mai sana'a yana ɗaukar lamunin ɓarnar da sakacinsa ya jawo, kuma ranar hisabi ba za a kira kamfanin da ya ƙera na'ura ya amsa a madadinki ba. Magidanta kuma, waɗanda sau da yawa su ne masu ba da jari, su taimaka wa iyalansu da wannan lissafi tun kafin kuɗi su fita.

Allah Ya sanya albarka a sana'o'inmu, Ya tsare mu daga cutar da bayinSa, Ya karɓi tsarkinmu da ibadunmu. Allah ne Mafi sani. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba idan Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.