Kimiyya Ma Farilla Ce A Kanmu

 

Kwanakin baya ɗan maƙwabcinmu ya kawo mini kuka. An kafa ƙungiyar JETS a makarantarsu, wato ta ƙananan injiniyoyi da masana kimiyya, wadda ake shirya wa gasa ta ƙasa baki ɗaya, amma mahaifinsa ya hana shi shiga, wai za ta raba shi da karatun allo.

Na fahimci tsoron wannan dattijo, sai dai a ganina ya yi kuskure. Imam Gazali a cikin Ihya'u ya sanya likitanci da lissafi a cikin farillan kifaya: idan al'umma duka ta bar su, laifin ya hau kan kowa. Khawarizmi kuwa, da ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza, babban kaso ya ware wa lissafin gado da wasiyya.

Mu ne masu ƙorafi idan iyayenmu mata suka je asibiti ba su sami likita mace ba. To daga ina za ta fito, in mun hana 'ya'yanmu kusantar ɗakin gwaje-gwaje tun suna sakandare? Makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda Jihar Kano ta buɗe a 1977, sun yaye likitoci da injiniyoyi da muke amfana da su har yau. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ɗan uwa, shiga da kyakkyawar niyya, kar ka saki allonka. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.