Ba Bakanike Ne Ya Ƙone Maka Kulochi Ba, Ƙafarka Ce

Akwai wata magana da ta daɗe tana cin mutane a rai, kowa yana kauda kai saboda yaran da ake magana a kansu 'ya'yanmu ne, ƙannenmu ne. To shirun ya isa haka.

Duk wanda yake leƙawa garejin Apo ko kasuwar kayan mota ta Gudu ya san wannan rigimar. Matashi ya zo da BMW ko Golf mai giyar hannu, an sa masa sabon kulochi wata uku da suka wuce, yau ya dawo yana ɗaga murya: "Oga, jabu ka sa min!" A tara jama'a, a ci mutuncin magidanci a gaban yaran da yake koya wa sana'a. Babu wanda zai tambayi mai motar yadda yake tuƙa ta. Laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani.

Bari mu fara da yadda abin yake aiki, don kada a ce ƙiyayya ce. Kulochi faifai ne da ke tsakanin inji da giyabos. Fuskokinsa biyu an lulluɓe su da wani abu mai kama da na birki. Idan ka ɗauke ƙafarka gaba ɗaya, ƙarfen da ke danna shi zai matse shi a jikin falaiwil, su juya tare kamar abu guda, babu gogayya, babu lalacewa. Idan ka taka shi har ƙasa, sun rabu. Faifan yana cinyewa ne a ɗan tsakanin nan da ake kira rabin kulochi, lokacin da inji ke gudu dabam, giya ke gudu dabam. Duk ƙarfin da bai isa taya ba a wannan lokacin, zafi yake zama.

Yanzu dubi abin da yaranmu suke yi da daddare a titin Aminu Kano da ke Wuse 2, ko kan titin filin jirgin sama idan gari ya yi tsit, ko a jerin gwanon kai amarya. A tsaye motar take, ya taka totur har allurar inji ta haura 4,000 ko 5,000, sannan ya saki kulochi don taya ta yi ƙara ta tada hayaƙi. Idan a hankali ya sake shi, faifan ya sha wuta. Idan farat ɗaya ya sake shi, dukan ya tafi kan giyabos da shaf da kujerun inji. Masu juya mota a shataletale kuma suna da wata dabara, su taka kulochi su saki cikin gaggawa totur na ƙasa, don tayoyin baya su zame. Wannan warin ƙauri da 'yan kallo suke wa tafi, warin kuɗi ne ke ƙonewa.

Kulochin da aka bi a hankali yana iya kai kilomita 100,000 ko fiye. Da irin wancan tuƙin, 'yan watanni sun ishe shi. Kuma ba shi kaɗai yake tafiya ba. Zafi yana sa fuskar faifan ta yi santsi ta daina kamawa, falaiwil ya yi tabo har ya tsattsage, boris ya fara kuka. Kafin a kai ga faifan sai an sauke giyabos, aikin yini guda ke nan. Kayan kuma daga waje ake shigo da su, kowa ya san inda farashinsu ya nufa tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, makonni kaɗan bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu. A wannan yanayin ne wani yake ƙona kulochi don bidiyon daƙiƙa 30 a TikTok.

Za a ce ai akwai jabun kaya a kasuwa. Akwai, babu mai musu. Akwai kuma na Beljiyam da ya riga ya sha jiki kafin ya iso. Amma gardamar tana da sauƙin rabawa: a buɗe a duba. Faifan da aka ƙone yana faɗin gaskiya da kansa, za ka ga ya yi baƙi, yana wari, falaiwil ya yi shuɗi-shuɗi. Wanda ya ga haka ya ci gaba da zagin bakanike, zalunci yake yi. Kuma a tuna, BMW ƙirar E46 da samarinmu suke ji da ita tun 2006 aka daina ƙera ta. Tsohuwa ce ake sa wa rawar 'yan mata.

Za a kuma ce motarsa ce, kuɗinsa ne. Sau da yawa kuɗin mahaifinsa ne, amma mu bar wannan. Titin na wane ne? Dokar hanya ta ƙasa ta ce kilomita 50 a awa cikin gari, 100 a babbar hanya ga ƙananan motoci. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma shi ne abin da ya fi kashe masu shekara 5 zuwa 29. Ƙafar da ke ƙona kulochi yau, ita ce za ta afka kan mai shayi ko ɗan makaranta gobe. Kulochin da ya fara zamewa kuma yana iya cin amanarka a daidai lokacin da ka fito za ka wuce tirela a hanyar Kubwa: inji na ihu, mota ba ta gaba.

Manya ma kada mu wanke kanmu. Direban da ke riƙe mota da rabin kulochi a kan hawa cikin cunkoson AYA zuwa Nyanya, da wanda ya mai da fedar kulochi wurin ajiye ƙafa, da mai tashi da giya ta biyu don ƙyuya, duk ɓarna ɗaya suke yi, a hankali ne kawai. A hawa, ja birkin hannu. A danja, fitar da giya ka ɗauke ƙafa. Idan kana shakkar naka, sa babbar giya kana tafiya a hankali a hanyar da babu kowa, ka taka totur. Allura ta tashi mota ba ta ƙara gudu ba, to ya fara tafiya, kada ka jira ya ajiye ka a hanya.

Iyaye, maganar a wurinku take. Uban da ya biya kuɗin kulochi sau biyu cikin shekara ɗaya bai tambayi dalili ba, shi ne ya ɗauki nauyin wasan. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku je gareji da kanku, ku sa a nuna muku tsohon faifan, ku ji ta bakin bakanike yaron ba ya wurin. Na gaba kuma ya biya daga aljihunsa, ko mukulli ya dawo hannunku.

A taron ƙungiya mai zuwa, ya kamata mu yanke shawara: babu wasan mota a layukanmu, ko da biki ne, kuma duk wanda aka gani, a fara sanar da gidansu, in bai daina ba a kai lambar motar ga Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa. Gara ya yi fushi da mu yana raye. Allah ya tsare mana zuri'a.