PES 6 ya fi eFootball, duk mai ja ya zo

1/ Yau zan ɓata wa wasunku rai. Yawancin gem ɗin da muke bugawa a waya yanzu ba su kama ƙafar na PS2 ba. PES 6 na 2006 ya fi eFootball ɗin da ke wayarka a yau. Ku riƙe zaginku tukuna, ku bi zaren nan zuwa ƙarshe 🧵

2/ Kafin wani ya ce tsufa ne: ɗalibin jami'a ne ni, PES 6 ya fito ko makarantar allo ba a sa ni ba. Na tarar da shi ne a gidan gem a Kabo shekaru bayan nan, don mu PS2 bai bar garinmu da wuri ba. Duka biyun na buga.

3/ Ma'aunina ɗaya ne tak. In aka ci ni, wa ya ci ni? In hannun abokin karawata ne, madalla, na yarda. Amma in aljihunsa ne ya ci ni, ko ƙarfin sabis ɗin unguwarsu, to ni dai ban ga wasa a nan ba.

4/ A PES 6 akwai Adriano na Inter, ƙarfin shot 99. In ya saki ƙwallo da ƙafar hagu sai dai gola ya yi addu'a. Amma Adrianon nan yana cikin faifan, na kowa ne. Ɗan Alhaji da ɗan mai faskare, benci ɗaya, hannu biyu, wanda aka ci ya tashi.

5/ Yayyenmu ma har yau labarin Tijjani Babangida suke a tsohon Winning Eleven. Ɗan Kaduna, ɗan wasan Ajax, gudu kamar an kunna masa wuta. Ka ɗauki Najeriya, ka jefa masa ƙwallo a gefe, shi ke nan. Ba wanda ya sayi Babangida da sisinsa.

6/ Sai Master League. Wallahi nan ne zuciyar gem ɗin. A ba ka tarkacen 'yan wasan da babu su a duniya: Castolo, Minanda, Ivarov a raga. Ka fara daga rukunin ƙasa, kana cin wasa kana tara maki, kana lallaɓawa har ka sayi ɗan gaba guda ɗaya mai hankali.

7/ Ranar da ka ɗaga kofi da ƙungiyar da ka gina tun daga Castolo, ka san guminka ne. Duk wannan a memori mai 8MB. Liverpool ma sunanta Merseyside Red, Chelsea kuma London FC, don babu lasisi, amma wa ya damu? Ƙwallon tana da nauyi, fas yana da ma'ana.

8/ To zo 2021. Konami ta binne sunan PES, ta fito da eFootball 2022 a ƙarshen Satumba. Fuskokin 'yan wasa suka zama abin dariya a intanet, ya zama gem mafi munin maki a Steam a lokacin, har kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. Master League? Aka kwashe shekaru ana jira.

9/ Na sani, sun gyara abubuwa da yawa daga baya. Motsin ya yi daɗi, a waya ma yana tafiya. Amma ginin gem ɗin gaba ɗaya ya koma kan abu ɗaya: ka sayi koyin, ka juya akwatin sa'a, ko Allah zai sa babban kati ya faɗo maka.

10/ Ka shiga wasa da ƙungiyar da ka wahala ka haɗa, sai ka tarar da wani ya jero Gullit, Vieira, Rummenigge. Bai iya fas uku a jere ba, amma duk ƙwallon da ta daki ƙafar ɗan wasansa sai ta koma gabansa. Wata biyu kuma a fito da katin da ya fi nasa, shi ma ya koma sayayya.

11/ A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce irin waɗannan akwatunan da ake saya da kuɗi caca ne. A Janairun 2019 EA ta daina sayar da FIFA Points a ƙasar. Mu a nan yaro ɗan sakandare zai juye kuɗin tararsa ya jira sa'a, muna ce masa "gem yake yi". Abin da ake zuba kuɗi a jira sa'a ai yana da suna da Hausa.

12/ 'Yan FIFA kar ku yi dariya, ku ma ciwon ɗaya ne. Tun 2023 aka koma EA Sports FC, suna ya canza, Ultimate Team na nan. In a gidan gem ne, mutum biyu, Madrid da City, ba laifi, ina bugawa. Amma duk shekara a sake riga a ce sabon gem ne? Haba.

13/ Yanzu rigimar da ba ta ƙarewa: PUBG Mobile, Call of Duty Mobile, Free Fire. A ƙira PUBG ne gaba. Mutum 100 a Erangel, minti talatin zuciya na dukan uku-uku, kana jin takun mutum a saman bene. CODM ya fi kowa santsin harbi.

14/ Free Fire kuwa, 'yan PUBG suna raina shi wai gem ɗin yara ne, hotonsa kamar katun. Amma shi kaɗai ne ya tuna da mai ƙaramar waya. Mutum 50, minti goma an gama. A wannan na sara masa.

15/ Inda ya ɓata rawarsa da tsalle shi ne jarumai masu siddabaru. Ku tuna ƙarshen 2020 da aka kawo Chrono, mai siffar Cristiano Ronaldo. Danna maɓalli ɗaya, garkuwa ta rufe shi, yana harbinka kai ba ka iya taɓa shi. Sai da aka yi ta rage masa ƙarfi daga baya. Ina iyawa a nan?

16/ Kuma dukansu uku abu ɗaya ke kashe su a wajenmu: jinkirin sabis. A cikin Kano da dama-dama. Ka kamo titin Gwarzo ka iso gida, ko ka leƙa Garo, labari ya canza. Ka harbi mutum sau biyar yana tsaye, ashe shi ya riga ya kashe ka, labarin ne bai iso wayarka ba.

17/ Ga data. A Janairun 2025 NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100. Gem ɗin nan kuma ba sa gajiya da sabuntawa, kowace sai ta lashe data mai yawa kafin ka harba harsashi ɗaya. Ga caji a shago in babu wuta. Wai a haka sunansu "na kyauta" 😂

18/ Masu cewa "ai kalli kyan hoto", ga GTA San Andreas. 2004, faifai ɗaya, birane uku: Los Santos, San Fierro, Las Venturas. CJ in ya cika ci ya yi tumbi, in ya je motsa jiki ya murɗe. A 2021 aka sake fito da shi da sabon hoto, ya zo da kurakurai har Rockstar ta nemi afuwa. Tsohon aka koma nema.

19/ Shi ya sa har yau PPSSPP ke yawo a wayoyin samarin garinmu, ana turawa ta Xender. God of War: Ghost of Sparta, GTA Vice City Stories, PES ɗin da aka yi wa kwaskwarima. Ba data, ba talla, ba mai ce maka ka sayi lu'ulu'u. DLS 19 ma haka, mutane sun ƙi goge shi.

20/ Gem ɗin da kake buga daƙiƙa ashirin ka kalli talla daƙiƙa talatin kuwa, ba zan ɓata bakina a kansu ba.

21/ Ban ce an daina yin gem mai kyau ba fa. Elden Ring da God of War Ragnarök duk a 2022 suka fito, kuma manya ne. Amma mutum nawa ne ke da PS5 daga Rimin Gado zuwa Gwarzo? Abin da ke isowa hannunmu nake aunawa, kuma shi an ƙera shi ne don ya tatse mu.

22/ Jerina: PES 6, San Andreas, God of War II, sai PUBG in sabis ya yi kirki. eFootball yana can ƙasa yana juya akwati.

23/ Hutu ya kusa, zan dawo Kabo. Wanda ya tara manyan katuna a eFootball yake ganin ya iya ƙwallo, ya zo mu zauna a gaban PS2. Na ba shi Inter da Adrianonta, ni zan ɗauki Merseyside Red. Wanda aka ci ya biya kuɗin man janareto.