Ciwon kumburin babban hanji na haihuwa: halin da aikin fiɗar yara ke ciki

A cikin kowane jarirai 5,000 da aka haifa, ana samun kusan ɗaya da ke zuwa duniya da wata lalura ta babban hanji, wadda ake kira ciwon Hirschsprung, da sunan likitan ƙasar Danmak da ya bayyana ta a shekarar 1886. Ƴaƴa maza sun fi mata kamuwa da ita kusan sau 4. A Nijar, inda ake haihuwar jarirai fiye da miliyan ɗaya a shekara, wannan lissafi yana nufin yara kimanin 200 a kowace shekara.

Mene ne asalin ciwon?

Tun yaro yana cikin mahaifiyarsa, ƙwayoyin jijiya da ke sa hanji ya motsa ya tura kashi ba sa kaiwa ƙarshen hanjin. Sai wannan yanki ya kasance a matse, kashi ya taru a samansa, hanji ya yi ta kumbura. A kusan kashi 80 cikin 100 na masu ciwon, ɗan guntun da ke kusa da dubura ne kawai ya samu matsala.

Alama ta farko ita ce jariri ya wuce awa 48 bai yi baƙin kashin nan na farko ba. Daga nan sai kumburin ciki, ƙin kama nono da amai mai launin kore. Yaron da ya tsallake wannan mataki yakan taso da taurin bayan gida da rama. Abin da ya fi kisa shi ne ruruwar hanji, mai zuwa da zazzaɓi da gudawa mai wari.

Maganinsa

Jiƙo ko maganin wankin ciki ba sa warkar da shi. Fiɗa ce maganinsa. Ana yanke yankin da ba shi da jijiya, a jawo lafiyayyen hanji a ɗinke shi kusa da dubura. Likita Swenson ya fara wannan aiki a Amurka a 1948, Duhamel na Faransa ya kawo tasa dabara a 1956, Soave na Italiya kuma a 1964. A 1998 likitoci a Meziko suka nuna ana iya yin aikin gaba ɗaya ta dubura, ba tare da tsaga ciki ba.

Ina gizo ke saƙar?

A 2021 mujallar Lancet ta buga wani bincike da aka yi a asibitoci 264 na ƙasashe 74, kan lalurori 7 na ciki da ake haihuwar yara da su, har da wannan. Kusan kashi 40 cikin 100 na yaran sun rasu a ƙasashe matalauta, a ƙasashe masu arziki kuwa ƙasa da kashi 6.

Dalili na farko shi ne jinkiri. Inda ake haihuwa a gida, ba a cika lura da kashin farko ba, yaro kuma yakan isa asibiti a galabaice. Na biyu, tabbatar da ciwon yana buƙatar a ɗebi ɗan naman dubura a duba shi da madubin likita, ƙwararrun wannan aiki kuwa ƙalilan ne. Na uku, likitocin fiɗar yara da masu sa su barci suna manyan birane irin su Yamai da Damagaram, nesa da mutanen karkara.

Saboda hanjin yaron da aka kawo a makare ya riga ya buɗe ƙwarai, sau da yawa tilas a fara huda masa ƙofar bayan gida a gefen ciki, a jira watanni kafin babbar fiɗa, wani lokaci a sake komawa don rufe ƙofar. Kowace tafiya kuɗin mota ce da abinci da barin gona. Jakunkunan tarar kashi suna da tsada, iyaye mata sukan koma ga tsumma, fatar yaro ta saɓule. Wasu iyalai ba sa dawowa. A 2006 Nijar ta ɗauki matakin kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, amma matakin bai ɗauke wa iyaye wahalar hanya ba.

Abin da ya kamata a yi

Fiɗa sau ɗaya tak ta dubura ita ce ta fi sauƙi ga talaka, sai dai tana yiwuwa ne idan an kawo yaro da wuri. Don haka gyara yana farawa daga ƙauye. Ya dace ungozomomi da ma'aikatan gidajen likita su riƙa tambayar kowace mai jego ko jariri ya yi kashin farko, a kuma sa wannan darasi cikin karatun mata a cibiyoyin yaƙi da jahilci. Asibitocin jihohi su iya wanke hanji da ruwan gishiri na asibiti kafin a tura yaro gaba. Hukuma da abokan hulɗarta su ƙara horar da likitocin fiɗar yara da masu binciken nama.

Ga iyaye kuwa, in jariri ya kwana biyu bai yi kashi ba kuma cikinsa ya kumbura, kada a jira ranar suna, a kai shi likita a ranar.