Me Ya Sa Karon Ramuwa Tsakanin 'Yan Dambe Yake Gagara?

Masu sha'awar damben zamani a ƙasar nan ba su manta da daren 21 ga watan Oktoba na shekarar 2017 ba, lokacin da Bastie Samir ya tsayar da Braimah Kamoko, wanda aka fi sani da Bukom Banku, a zagaye na bakwai a filin dambe na Bukom da ke birnin Akra. Wannan shi ne karon farko da aka doke Banku tun da ya fara damben neman kuɗi. Kafin gari ya waye har an fara maganar ramuwa, kuma daga Nima zuwa Aboabo ta nan Tamale jama'ar zango, waɗanda suke kallon Bastie a matsayin nasu, sun yi ta musu a kan yadda karo na biyu zai kaya. An sha ambata wasan, an sha cika baki a gidajen rediyo, amma shekaru sun shuɗe ba a sake haɗa su ba.

To, mene ne yake hana irin wannan karo alhali jama'a suna so? Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ciniki a Paga ko Bawku ko Cinkasse zai gane amsar da wuri, domin damben zamani ciniki ne kafin ya zama naushi.

Dalili na farko shi ne farashi yana canzawa da zarar an tashi daga wasan farko. Wanda ya yi nasara zai ce darajarsa ta hau, don haka kasonsa ya fi na da. Wanda aka doke kuwa, idan shi ne mai farin jini, zai ce ai sunansa ne ya cika fili. Kowa ya riƙe nasa, mai shirya wasa kuma yana tsakiya kamar dillali yana lissafin la'adarsa. Filin Bukom ba ya ɗaukar fiye da mutum kimanin 4,000, saboda haka kuɗin ƙofa kaɗai ba zai biya manyan 'yan dambe biyu ba sai wani kamfani ko gidan talabijin ya ɗauki nauyi. Idan babu wannan, magana ta tsaya a baki.

Dalili na biyu, wanda ya ci yakan hango kasuwa mafi tsoka a gaba. A watan Fabrairu na 1999 Ike Quartey ya kara da Oscar De La Hoya a Las Vegas ta Amurka, kowannensu ya kai ɗan uwansa ƙasa, alƙalai biyu suka ba De La Hoya, ɗaya ya ba Quartey. 'Yan Gana da yawa har gobe suna ganin an yi musu ƙwace. Amma De La Hoya bai waiwayo ba, a watan Satumba na shekarar ya tafi wajen Felix Trinidad inda kuɗi ya fi yawa. Haka aka yi wa Joshua Clottey a watan Yuni na 2009, bayan alƙalai sun rabu a wasansa da Miguel Cotto. Watanni biyar bayan nan Cotto yana gaban Manny Pacquiao. Wanda ya tsallake rijiya da baya ba ya son sake leƙa ta.

Dalili na uku shi ne rashin rubutu. Inda aka sa sharaɗin ramuwa a cikin yarjejeniya tun farko, ko kuma hukumar da ke da kambu ta tilasta, wasan yakan yiwu. Isaac Dogboe ya rasa kambunsa na WBO a hannun Emanuel Navarrete ɗan ƙasar Meziko a watan Disamba na 2018, kuma a watan Mayu na 2019 aka sake haɗa su, ko da yake an sake doke shi. Joseph Agbeko ma ya samu karo na biyu da Abner Mares a watan Disamba na 2011, saboda hukumar IBF ta ba da umarni bayan ƙorafin da aka yi cewa alƙalin wasa ya kau da kai daga naushin ƙasan mara da Mares ya riƙa kai masa a watan Agusta. Wasan da babu wata babbar hukuma a bayansa kuwa, babu mai iya tilasta wa kowa.

Dalili na huɗu ya fi ƙarfin kowa, wato lokaci da ƙaddara. A ranar 21 ga watan Yuli na 1982 Azumah Nelson, yana matashi, ya ja Salvador Sanchez har zagaye na 15 a birnin New York kafin a tsayar da wasan. Makonni uku bayan haka Sanchez ya rasu a hatsarin mota. A 2003 an tsayar da wasan Lennox Lewis da Vitali Klitschko bayan zagaye na shida saboda rauni a idon Klitschko, alhali shi ne yake gaba a maki. Duniya ta nemi a sake, sai Lewis ya ajiye dambe a farkon 2004.

Amma idan kuɗi ya zauna, ko ƙarshen duniya ne za a je. Bayan kunnen dokin da Azumah ya yi da Jeff Fenech a 1991, ya bi shi har birnin Melbourne na Ostareliya a watan Maris na 1992 ya tsayar da shi a zagaye na takwas a gaban mutanensa. Shi kansa Banku ya kara da Ayittey Powers sau biyu, a Akra da Kumasi, domin a lokacin kasuwar ta karɓa.

A damben gargajiya na ƙasar Hausa, inda ake turmi uku, wanda aka kashe yau yana iya neman ramuwa cikin 'yan kwanaki, domin babu lauya babu takarda, kiɗa da kirari sun isa su fito da shi. Damben zamani ba haka yake ba, kuma ƙuruciyar ɗan dambe gajera ce, duk shekarar da ta wuce ana ja-in-ja asara ce gare shi da iyalinsa.

Saboda haka shawara ga 'yan uwa 'yan kasuwa ita ce, kada sanarwar rediyo ko hoton bango ya sa mutum ya sayi tikiti, ko ya kama mota zuwa Akra, ko ya saro riguna masu hoton 'yan dambe. A fara tambaya tukuna: su biyun sun sa hannu? An biya su kafin alƙalami? Hukumar dambe ta ƙasa, wato GBA, ta amince da ranar? Idan ba a samu amsar waɗannan uku ba, to a riƙe kuɗi a aljihu, domin ba a cinikin biri a sama.