Kafin Ka Murɗa Totur: Nasiha Ga Mai Koyon Babur A Birnin Gwari



'Yan'uwana matasa, yau maganata a kan babur take, musamman ga wanda bai daɗe da fara koyo ba.

Duk wanda ya san Birnin Gwari ya san matsayin babur a rayuwarmu. Da shi ake kwaso masara daga gona, da shi ake ɗauko mai naƙuda daga ƙauyukan Kuyello, Randagi ko Dogon Dawa idan damina ta kankama mota ta kasa shiga. Da shi kuma 'yan bindiga suka riƙa fitowa daga dazukan Kamuku da Kuyambana, har gwamnatin jihar Kaduna ta hana hawansa na wata uku daga ƙarshen Satumbar 2021.

A ganina waɗancan shekaru na tsoro sun bar mana wani gado da ba a cika magana a kansa ba, wato gudu. Yaron da ya taso a cikinsu ya ga yayyensa suna ƙure totur a hanyar Buruku don tsira da rai, sai ya ɗauka gudu shi ne gwaninta. A lokacin gudun yana da uzuri. Amma tun da aka sake buɗe kasuwar kara a Nuwambar 2024 zirga-zirga ta ƙaru, tireloli da motocin shanu sun yawaita a kan hanya, ga ramuka. Wanda ya shigo da wancan gudu cikin wannan cunkoso, da hannunsa yake kiran musiba.

Dubi yadda muke koyo. Aboki ya ara maka Boxer da yamma a filin makaranta, ya nuna maka kuloci da giya. Gobe kana kan kwalta, jibi ka yi goyo. Abin da aka tsallake shi ne mafi muhimmanci: tsayawa. Mafi yawan ƙarfin tsayar da babur a birkin gaba yake, amma da yawa daga masu koyo tsoronsa suke, sai su dogara da na ƙafa kaɗai, wanda ba ya isa idan akuya ko yaro ya ɓullo kwatsam. A kan kwalta ana haɗa su biyun ne, a matsa na hannu sannu a hankali, ba a damƙe shi lokaci ɗaya ba. A kan yashi ko burji mai tsakuwa kuwa, irin hanyoyinmu na ƙauye, damƙar birkin gaba kan zame tayar gaba ta kayar da mutum nan take. A nan sai a sassauta totur tun daga nesa, a taɓa na baya kaɗan-kaɗan. A rage gudu kafin shiga kwana, ido kuma ya kasance a inda ake son zuwa, domin babur ido yake bi. Wanda ya ƙura wa rami ido, cikinsa zai faɗa. Kada kuma ka raɓi gefen tirela: idan ba ka hango fuskar direba a madubinsa, shi ma ba ya ganinka.

Sai batun hular kwano. Da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta sanya ta a Janairun 2009, a Kano har ƙwarya wasu suka kifa a ka, aka yi ta dariya. Ni dai ban ga abin dariya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa hula mai kyau da aka ɗaure igiyarta tana rage haɗarin mummunan raunin kai da kusan kashi 70 cikin 100. Mu kuwa da tsakaninmu da Kaduna ya haura kilomita 100, wanda kansa ya fashe kafin a kai shi can ko Shika, jini ya gama zuba.

Na san amsar da aka saba bayarwa: ajali idan ya zo hula ba ta hana shi. Gaskiya ne. Amma Manzon Allah (SAW), shugaban masu tawakkali, ya sanya sulke da kwalkwali ranar Uhudu, kuma ya umarci mai raƙumi da ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Wane ne a cikinmu ya fi shi yaƙini?

Abin da ya fi tsorata ni shi ne goyo. Ranka amana ce, ran wanda ka goya kuwa haƙƙin wani ne. Shari'a ta ɗora diyya da kaffara a kan kisan kuskure, azumin wata biyu a jere, kuma malamai sun shigar da mai tuƙin ganganci cikin wannan hukunci. Saurayin da bai cika mako guda da koyo ba, ya ɗora mace da goyonta da buhun taki, da me zai kare kansa idan aka yi rashi? Haka uban da ke miƙa wa ɗan shekara 12 makulli don ya kai niƙa, alhali ƙafar yaron ba ta kai ƙasa, doka kuma ba ta ba da lasisin tuƙi sai a shekara 18. Idan yaron nan ya buge ɗan maƙwabci, uban za a fara tambaya.